Sunayen adon babbar riga: nazari daga Madarumfa

1. Gabatarwa

Wannan maƙala za ta duba sunayen da maɗinka ke bai wa adon babbar riga a yankin Madarumfa, kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya da Katsina. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19 a ƙasar Maraɗi suka zauna, kuma fatauci tsakanin sassan biyu bai yanke ba. Saboda haka kalmomin sana'ar ɗaya ne da na Katsina da Kano da Zariya, inda David Heathcote ya yi nazarinsu cikin shekarun 1970.

2. Kashe-kashen sunaye

Ana iya kasa su gida biyu:

(a) Sunayen zane, waɗanda aka samu ta faɗaɗa ma'ana: aska biyu da aska takwas (tsinin da ke saukowa ta gefen aljihu, ana ƙidaya shi), tambari (zagayen da ke ƙirji da baya), linzami (adon bakin wuya).

(b) Sunayen zare: alharini, daga Larabci al-harir, wanda fatake suka riƙa kawowa daga Tarabulus ta Sahara; da tsamiya, zaren tsutsar da ke cin ganyen itacen tsamiya, wato zare ya ari sunan itace.

3. Kwatance

A Panjab, ƙasar da ke tsakanin Indiya da Pakistan, ana kiran irin wannan ɗinki phulkari, ma'ana aikin fure. A harshen Hmong kuwa paj ntaub ne, wato ƙyallen fure. A wuraren biyu aikin mata ne. Sunayen rukuni na (a) kayan wanzami ne da na doki da na fada, domin a ƙasar Hausa maza ne suka riƙe sana'ar, musamman malamai da almajirai, masu sayen rigar kuma sarakuna ne da attajirai. Sai a ƙarshen ƙarni na 20 matan birnin Zariya suka shiga ɗinkin hannu sosai.

4. Kammalawa

Keken ɗinki yana kwaikwayon zanen cikin ƴan kwanaki, alhali aikin hannu kan ci watanni. Amma yaron tela kan koyi zanen ba tare da sunayen ƙananan sassansa ba. Ya kamata ɗalibai su tattara waɗannan kalmomi daga bakin tsofaffin maɗinka, tare da karin sauti da tsawon wasali, kafin su ɓace.