Ciwon suga da cutar karkarwa: shin gadonsu ake yi?

Yau tambayar da nake so mu kalla ita ce: in kaka tana da suga, kawu kuma hannunsa na karkarwa, mu jikoki ina matsayinmu?

Bari mu fara da suga. Nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya, yana bin jini sosai. In mahaifi ko mahaifiya na da shi, haɗarinka ya ƙaru, ko da jikinka bai nuna komai ba. Gwajin kuma ba wuya: ka je da safe kafin ka karya, in aka ga 126 ko sama, aka maimaita wata rana aka sake gani, to suga ne.

Ita kuwa karkarwa, wadda likitoci ke kira Parkinson, sunan likitan Landan da ya bayyana ta a 1817, tana faruwa ne in ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin suka riƙa mutuwa. Hannu ya dinga rawa ko mutum yana zaune, tafiya ta yi nauyi, rubutu ya ƙanƙance. Ita ce ta kama Muhammad Ali ɗan dambe. Mu kuwa sai mu ce tsufa ne, ko an yi masa sammu. Wallahi wannan yana min ciwo, domin akwai maganin levodopa da ke sauƙaƙa ta sosai.

Yawancin masu ita ba gado suka yi ba. Amma a 2023 masu bincike, ciki har da likitocin Jami'ar Legas, sun gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1 da ke ƙara haɗarinta a tsakanin 'yan Najeriya.

To ina haɗinsu da suga? Bincike ya nuna masu suga nau'i na biyu sun ɗan fi saurin kamuwa da ita, ana zargin rashin jin insulin a ƙwaƙwalwa. Har an gwada wani maganin suga, exenatide, a kan masu Parkinson a Birtaniya, sai dai babban gwajin bai nuna amfani ba. Don haka kar wani ya sayo wa Baba maganin suga wai don karkarwa.

Ku zauna da Hajiya ku tambaye ta wa da wa suka yi wace cuta, a shekara nawa, ku rubuta, ku nuna wa likita ranar da kuka je gwaji.