Tsohon Madugu Ko Sabo: Shawara Ga Mai Harhaɗa Kwamfuta

Ga wata mas'ala da ta zo mana daga Fakku, ta ƙasar Kebbe, kudu da Tambuwal. Wani ɗan kasuwa ne ya tara kuɗi ya sayo kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, waɗansu sababbi, waɗansu na hannu, ƙanensa ya harhaɗa masa su a gida. Nufinsa ya riƙa rubuta lissafin haja da basussuka a ciki, ya kuma ajiye littattafan karatu. Da aka zo sanya mata manhaja sai gardama ta tashi: wannan ya ce a sa Windows 10 da kowa ya saba da ita, wancan ya ce a'a, sai Windows 11. To, tun da mas'alar ta shafi mutane da yawa, ga abin da ya kamata a sani.

Da farko, mene ne wannan abu da a ke gardama a kansa? Ku sani kwamfuta ƙarfe ce kurum, ba ta san komai ba sai an zuba mata babbar manhaja. Misalinta kamar madugu ne a cikin ayari. Shi ke tsara tafiya, shi ke raba wa kowa wurinsa a zango, shi ne kuma ke sa ido kan ɓarayin hanya. Sauran manhajoji duka, na rubutu da na lissafi da na karatu, fatake ne da ke tafiya a ƙarƙashinsa. In madugu ya tsufa har idonsa ya daina gani, ko da amalen raƙuma gare ka, dukiyarka tana cikin hatsari.

Kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka shi ke yin Windows, kuma al'adarsa ce ya yanka wa kowace wa'adi. Muddin wa'adin bai cika ba, ya kan riƙa aiko da gyare-gyare ta intanet don toshe kafofin da mugaye su ka gano. In ya cika, sai ya janye hannunsa. Haka ya yi wa Windows XP a shekarar 2014, ya yi wa Windows 7 a watan Janairu na 2020. Ita kuwa Windows 10, wadda ta fito a 2015, wa'adinta ya cika ran 14 ga Oktoba, 2025. An dai buɗe wata ƙofa ta ƙarin shekara guda ga wanda ya yi rajista, iyakarta 13 ga Oktoba, 2026. Wannan kuwa jinkiri ne kawai.

Wani zai ce, ai da tsohuwar zuma a ke magani, kuma kwamfutar ba ta daina tashi ba. Gaskiya ne ba za ta daina tashi ba. Amma ku tuna abin da ya faru a watan Mayu na 2017, sa'ad da wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu cikin ƙasashe wajen 150. Ta kan kulle duk takardun da ke cikin kwamfuta, sa'an nan ta nemi fansar dala 300. Har asibitocin Ingila sai da aikinsu ya tsaya. Abin lura a nan shi ne, tun watan Maris na wannan shekara an riga an aiko da maganin wannan kafa, waɗanda ba su sa shi ba su ne abin ya ci. To, ina ga wanda ba za a ƙara aiko masa da magani ba sam? Mutumin da littafin bashinsa ke ciki, ya kuma shiga asusunsa na banki da ita, ya dubi wannan da kyau.

Sai dai ita ma Windows 11, wadda ta fito ran 5 ga Oktoba, 2021, ba kowane gida ta ke sauka ba. Tana da sharuɗɗa. Tana bukatar ram gigabayit 4 ko fiye, da rumbun ajiya gigabayit 64 ko fiye, da wani ɗan makullin tsaro a jikin babban allon kwamfutar, ana ce da shi TPM 2.0. Mafi tsanani shi ne sharaɗin ƙwaƙwalwar, watau furosesa. In ta Intel ce, sai ta zama daga zuriya ta 8 zuwa sama, waɗanda a ka fara fitarwa a 2017. Ganewa ba wuya. Dubi lambar da ke bin sunanta: i5-8500 ta fara da 8, ta shiga, i5-6500 da i5-4570 ba su shiga ba. Da yawa daga kayan hannu da a ke sayarwa a titin Beirut na Kano da Ikeja ta Ikko irin waɗannan na baya ne, shi ya sa su ke da araha. Saboda haka mai hankali ya san manhajar da ya ke nufi tun bai biya kuɗin ƙarfe ba.

Akwai masu gyara da su kan ce za su tura Windows 11 cikin tsohuwar kwamfuta ta bayan gida. Tana shiga, ba ƙarya su ke yi ba. Amma kamfanin ya faɗa a fili bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan gyare-gyare ba. Haka kuma a guji manhajar da a ka fasa makullinta a ka kwafa ba da izini ba, domin wanda ya fasa ƙofa ya ba ka, ba ka san abin da ya bari a cikin ɗakin ba.

Har wa yau akwai hanya ta uku da mutanenmu ba su cika sani ba, ita ce Linux. Wani ɗalibi ne a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, ya sake ta kyauta ga kowa. Tana da rassa da yawa, kamar Ubuntu da Linux Mint. Ubuntu da ta fito a watan Afrilu na 2024 an yi mata alkawarin gyara na shekara biyar. Ba ta bukatar wancan makulli, tsohuwar kwamfuta kuma ta kan yi sauƙin tafiya da ita. Akwai LibreOffice a ciki don rubutu da lissafi, ba a biyan ko kwabo. Aibinta biyu ne: masu gyaran da su ka san ta kaɗan ne a karkara, kuma manhajar da a ka gina don Windows ba ta zama a kanta sai da dabara.

Ga masu rubutun Ajami kuwa akwai wata magana. Haruffanmu na Warshu, irin fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a bisa, ba su daɗe da samun gurbinsu a ƙa'idar haruffan kwamfuta ta duniya ba, wadda a ke kira Unicode. Tsohuwar manhaja irin Windows 7 ta riga su zuwa, saboda haka sau da yawa sai ka ga ɗan akwati a wurin harafi. Akwai salon haruffa mai suna Alkalami, wanda a ka zana bisa rubutun Kano, ana samunsa kyauta. Wanda ke son ya buga waƙa ko wasiƙa da Ajami, sabuwar manhaja ta fi yi masa amfani.

To, ga hukuncin a taƙaice. In kayanka sun cika sharuɗɗa, sa Windows 11, kada sabo ya hana ka. In ba su cika ba, kuma za ka shiga intanet, ko dai ka canja ƙwaƙwalwa da babban allo, ko ka koyi Linux. In kuwa kwamfutar za ta zauna a shago ko zaure ba ta taɓa intanet, karatu da lissafi kawai, Windows 10 za ta ɗauke ka, amma ka kiyayi filashin da ya zaga hannun mutane. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi duk na baya. Kowace ka zaɓa, wutar da ke ɗaukewa ba sallama da ƙurar hunturu da zafin bazara ba su san tsohuwa ba, ba su san sabuwa ba. Ka kwafe lissafinka da littattafanka a wani rumbu na dabam kowane mako, ka ajiye shi nesa da kwamfutar. Bashin da ke tsakaninka da mutane kuwa, ka bar masa shaida a takarda kamar yadda iyayenmu su ka yi.