Daren Karɓar Alewa a Magic Kingdom: Abin da Ya Kamata Masu Ƙananan Yara Su Sani

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san yadda unguwa ke kasancewa idan azumi ya kwana goma. Yara sun manna gemun auduga, sun cusa tsummoki a riga ciki ya yi tulu, suna bi gida-gida suna tashe, ana sallamarsu da hatsi ko 'yan canji. A Amurka ma akwai daren da yara ke sauya kama su bi ƙofa-ƙofa, wato daren 31 ga Oktoba, wanda ake kira Halowin. Yaro zai ƙwanƙwasa ƙofa, ya miƙa jakarsa ya ce "trick or treat", ma'ana a ba shi abin zaƙi ko ya yi wa mai gida ta'adi. Ta'adin yanzu a baki kawai ya rage, alewar ce ke nan daram.

Iyakar kamannin ke nan. Tashe ɗan watan azumi ne, Halowin kuwa tushensa wani tsohon bikin ƙarshen kaka ne na mutanen Ayaland da Sikotland mai suna Samhain, wanda a cikinsa suka yi imani matattu kan kusanto rayayyu. Daga baya coci ta tsayar da 1 ga Nuwamba a matsayin ranar tunawa da waliyyai, sai daren ya zama jajiberinta. Mutanen Ayaland da yunwar shekarun 1840 ta koro su suka ƙetara teku da al'adar zuwa Amurka, inda aka koma fafe kabewa ana yi mata ido da baki ana kunna fitila a ciki. Saboda wannan asali ne malaman Musulunci da dama, da wasu majami'u na Kirista, suke hana mabiyansu shiga bikin. Iyalan Hausawa mazauna Amurka sun san wannan tambaya, domin duk Oktoba sai yaro ya dawo da ita daga makaranta. Amsarta tana hannun iyaye da malaminsu. Wannan bayani na wanda ya riga ya yanke shawarar zuwa ne, ko mai son sanin abin da ke ciki kafin ya yanke.

Manyan wuraren shaƙatawa na Amurka sun daɗe da gane cewa akwai ciniki a wannan dare, sai suka ja shi ya zama na wata biyu da rabi. Wanda ya fi suna ga masu ƙananan yara shi ne na Magic Kingdom, filin wasan kamfanin Disney da aka buɗe a 1971 kusa da birnin Orlando a jihar Fulorida. Sunan daren Mickey's Not-So-Scary Halloween Party, kuma sunan da kansa alƙawari ne cewa tsoron kaɗan ne. An fara shi a 1995 da dare ɗaya tak. Yanzu ana yin sa a wasu zaɓaɓɓun darare tun daga watan Agusta har ƙarshen Oktoba. Annobar korona ta sa an soke shi a 2020, bai dawo da cikarsa ba sai 2022.

A kula da sunan da ke kan tikiti, don Allah. A cikin garin na Orlando, kamfanin Universal yana da nasa dare mai suna Halloween Horror Nights, wanda ya samo asali tun 1991. Can 'yan wasa ne da jinin ƙarya a jiki, wasu riƙe da injin yankan katako, aikinsu su razana mutane. Kamfanin da kansa ya ce bai dace da yaron da bai kai shekara 13 ba. Baƙo da ya ga kalmar Halowin a duka biyun yana iya ɗauka abu ɗaya ne.

Tsarin daren Disney kuwa ga yadda yake. Tikitinsa daban ne da na yini. Da ƙarfe 6 na yamma ake rufe filin ga masu tikitin rana, bikin ya fara ƙarfe 7 ya tashi sha biyun dare, amma mai tikitin biki yana iya shiga tun ƙarfe 4. A bakin ƙofa za a ɗaura wa kowa alama a wuyan hannu, a ba shi jakar zuba alewa. Kuɗin mutum ɗaya ya haura dala 100 ko a dare mafi araha, yana kuma ƙaruwa yayin da Oktoba ke ƙaratowa, har ya kusa ninkawa a daren 31 ga wata, wanda kuma shi ke fara ƙarewa. Yaron da bai cika shekara uku ba, kyauta yake shiga. Duk da haka, uba da uwa da yara biyu ba za su biya ƙasa da dala 400 ba, ban da abinci da kuɗin ajiye mota.

Wannan kuɗin shi ne ya fi ɓata wa iyaye daren. Mutum ya biya da yawa, don haka yana son ya ga fareti, ya ga wasan wuta, ya ga wasan dandali, ya cika jaka, ya ɗauki hoto da kowane ɗan wasa. Shi kuwa ɗan shekara huɗu da ya saba kwanciya ƙarfe takwas, babu ruwansa da abin da aka biya. Da tara ta yi zai fara kuka ba dalili, ya ce a ɗauke shi, a ɗauke shi ya ce a sauke shi. A ganina, iyalin da suka zaɓi abu biyu ko uku tun daga masauki, suka kuma yarda za su fita da zarar yaro ya gaji, su ne ke komawa da fara'a. Ranar bikin kada a kai yara wani filin wasan da safe. A bar su su yi barcin rana sosai. A shiga ƙarfe huɗu, a ba su abinci na gaske kafin bakwai, domin da zarar alewa ta fara shiga ciki babu sauran mai kallon shinkafa.

Rabon alewar kansa abu ne mai sauƙi. An warwatsa tasoshi a sassan filin, kowace da babbar alama mai haske. Kuna bin layi, ku iso gaban ganga cike da alewa, ma'aikaci ya sa hannu ya damƙo ya zuba a jakar yaro, ya sake damƙowa ya zuba a ta babba, don manya ma ana ba su. Ƙaramin yaro yakan tsaya yana leƙa cikin jakarsa, bai yarda duk nasa ba ne, sai an ja hannunsa. Babu ƙayyade yawan zuwa; kuna iya zagayowa tashar sau nawa kuka so. Layin yakan yi tsawo a farkon dare, lokacin da kowa ke ɗoki, ya kuma yi sauƙi yayin da ake fareti da can cikin dare. Alewar ba ta ƙarewa, don haka babu dalilin rububi.

Abin da ke cikin jakar ne ke buƙatar ido. Yawancinsa kayan kamfanin Mars ne, irin su M&M's da Snickers da Skittles da Starburst. Musulmi ya duba bayan takarda ya nemi kalmar gelatin, wani sinadari mai danƙo da ake samowa daga fata da ƙashin dabba, sau da yawa na alade. Starburst da ake sayarwa a Amurka yana ɗauke da shi, haka yawancin alewa mai taushi da ake taunawa kamar roba. Ya fi kyau a yi yarjejeniya da yara tun a mota cewa ba a buɗe komai sai Mama ko Baba sun gani. Sai kuma batun shaƙewa: likitocin yara a Amurka suna gargaɗin kada a ba wanda bai kai shekara huɗu ba alewa mai tauri, ko gyaɗa guda-guda, ko gugguru, ko cingam. A cikin duhu da hayaniya, yaro na iya shaƙewa a keken da kuke turawa ba ku ji ba.

Idan yaronku yana da borin jini, wato jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko madara ko ƙwai ko alkama, ku faɗa tun a ƙofa. Za a ba shi jaka mai launi tsakanin shuɗi da kore. A kowace tasha, maimakon alewa sai a jefa masa wani ɗan kwabo na roba mai wannan launi, daga baya ku kai su wurin da aka keɓe a musanya muku da kayan da ba su da abin da ke cutar da shi. Tsari ne mai kyau ƙwarai, domin yaron yana bin layi ɗaya da 'yan'uwansa, yana miƙa jaka kamar kowa, ba ya jin an ware shi.

Tsoro fa? Kaɗan ne ga ɗan shekara takwas, amma ɗan shekara uku ma'auninsa daban. Kafin fareti ya taso, idan ƙasa ba ta jiƙe ba, za a rage fitilu, sai ku ji ƙarar kofato a kan kwalta. Baƙin doki ne ke tahowa, mahayinsa ba shi da kai, yana riƙe da kabewa mai ci da haske a hannu. Daga wani labari na Washington Irving na 1820 aka ɗauko shi. A bayansa kuma, cikin faretin, akwai masu shigar mahaƙa kabari da ke jan shebur a ƙasa yana tartsatsi, da fatalwowi masu rawa da fuska fari fat. Wani yaron zai tafa, wani zai cusa kai a wuyan uwarsa yana rawar jiki. Ku kuka san naku. Abin da ke taimakawa shi ne a nuna masa bidiyon faretin a waya kwana biyu kafin a je, a gaya masa mutane ne suka sa kaya, kamar yadda shi ma ya sa. Kada a tilasta wa yaron da ya ce ba ya so. Kada kuma a yi masa dariya a gaban yayyensa.

Sau biyu ake faretin kowane dare. Na biyun, bayan sha ɗaya, ya fi ƙarancin jama'a, amma da wuya ƙaramin yaro ya kai lokacin ido biyu. Idan na farko za ku kalla, ku nemi wuri a ɓangaren Frontierland inda yake farawa, maimakon babban titin Main Street inda ake cunkoso. Wasan wuta wajen ƙarfe goma ake yin sa a saman fadar Cinderella, ƙararsa kuma har a ƙirji ake jin ta. Jariri da yaro mai firgita suna buƙatar abin toshe kunne.

Game da sutura, dokar gidan ita ce daga ɗan shekara 14 zuwa sama ba ya rufe fuska, ƙananan yara kuma idanunsu su kasance a waje, kaya kada su ja ƙasa, kuma ba a shiga da abin da ya yi kama da makami na gaske. Sa kayan ba dole ba ne. Abin da doka ba ta faɗa ba shi ne zafi. A Agusta da Satumba Orlando takan haura digiri 32 da rana, ga gumi mai naci da ba ya bushewa ko bayan faɗuwar rana. Yaron da aka naɗe cikin kayan zaki masu gashi zai jigata kafin a fara. Riga mai shara-shara, takalmin da ya saba da shi, da gorar ruwa sun fi masa. Lokacin kuma damina ce, hadari kan haɗu da yamma, ana tsawa, ga shi cikin watannin guguwar teku da ke kamawa daga Yuni zuwa Nuwamba. Ruwan sama ba ya sa a fasa bikin, sai dai a jinkirta fareti ko a soke shi, don haka a tafi da rigar ruwa.

Ɗaukar hoto da fitattun 'yan wasan da ba a ganinsu sai a wannan dare, irin su Jack Skellington, kan ci fiye da awa guda a layi. Ban ga hikimar tsayar da ɗan shekara huɗu haka ba. Gara a kai shi lilon giwa Dumbo ko kofunan shayi masu juyawa, waɗanda layinsu ke raguwa a daren. Wasu abubuwan hawan suna da ma'aunin tsawo: Seven Dwarfs Mine Train sai mai santimita 97, Space Mountain sai mai 112. A auna yaro a gida, kada a yi masa alƙawarin abin da za a hana shi a bakin ƙofa.

Ɓatan yaro ya fi sauƙi a wannan dare fiye da kullum, domin ga duhu, ga yara ashirin sanye da irin kayan ɗanku. Kafin ku shiga, ku ɗauke shi hoto a waya yadda yake a ranar, ku rubuta lambar wayarku ku maƙala masa, ku nuna masa ma'aikaci mai bajon suna a ƙirji ku ce idan bai gan ku ba wurin irin wannan zai je. Ana kai yaran da aka tsinta ɗakin kula da jarirai da ke ƙarshen Main Street, wanda nan ne kuma wurin shayarwa da canza kunzugu cikin sanyi da natsuwa. Masu sallah su lura cewa magariba tana faɗowa a tsakiyar shirin, wajen ƙarfe takwas a Agusta, kafin bakwai a ƙarshen Oktoba. A sa 'yar darduma a jaka, a tambayi ofishin baƙi da ke City Hall kusa da ƙofar shiga su nuna wuri mai shiru.

Wanda yaransa duk ba su kai huɗu ba, ko aljihunsa bai kai ba, yana da mafita. SeaWorld a Orlando da Legoland a garin Winter Haven suna yin nasu rabon alewar a wasu ranaku, yawanci ƙarshen mako, tun da sauran rana, kuma yana cikin tikitin shiga na yau da kullum.

Fita daga Magic Kingdom ma aiki ce. Ba a ajiye mota a bakin ƙofarsa. Akwai tafki tsakaninsa da filin motoci, sai an hau jirgin fito ko jirgin ƙasa mai tafiya a kan gada. Da an gama wasan wuta dubban mutane ke tunkarar ƙofa lokaci guda, don haka ko ku riga su fita, ko ku zauna rabin awa su rage. Idan yaro ya yi barci a keke, jirgin fito da jirgin gada duk suna bari a tura keken ciki yadda yake. Bas da motar da ke zagaya filin ajiye motoci kuwa sai an ciro yaron an naɗe keken, don haka ɗaya ya shirya saɓa shi a kafaɗa, ɗaya ya riƙe keke da jakunkunan alewa.