Sabon Injin Porsche 911: Yadda Aka Haɗa Fetur da Lantarki

A ranar 28 ga watan Mayu na shekarar 2024, kamfanin Porsche da ke birnin Stuttgart a ƙasar Jamus ya fito da sabon samfurin motarsa mai suna 911. Wanda ya dube ta daga waje ba zai ga bambanci mai yawa ba, domin fitilu da bamba aka ɗan taɓa. Babban canjin yana cikin injin. Wannan ne karo na farko da aka sayar da 911 ta hawa kan titi wadda lantarki yake taimaka wa injinta na fetur. Kamfanin ya raɗa wa tsarin suna T-Hybrid, ya kuma fara sa shi a samfurin Carrera GTS.

Masu wannan mota mutane ne da ba sa son a taɓa musu injin. Tun da aka fara nuna ta a Frankfurt a 1963, injinta yana can baya ne, bayan tayoyin baya, da silinda 6 a kwance, uku a dama uku a hagu. A lokacin sunanta 901, sai kamfanin Peugeot na Faransa ya ce shi yake da ikon sunayen mota masu lamba uku da sifiri a tsakiya, aka mai da ita 911. A 1997 aka fito da samfurin farko da ruwa yake sanyaya injinsa maimakon iska. A 2015 aka rage girman injin Carrera zuwa lita 3.0, aka ƙara masa turbo biyu. Kowane daga cikin waɗannan canje-canje ya jawo ƙorafi, ana cewa an ɓata sautin motar da halinta. Saboda haka da maganar lantarki ta taso, abin da aka fi tsoro shi ne nauyi, don batir abu ne mai nauyi, motar tsere kuwa nauyi ne babban abokin gabarta.

Fahimtar sabon tsarin sai an fara da aikin turbo. Injin fetur yana samun ƙarfi ne idan mai da iska suka haɗu a cikin silinda, fulogi ya ba da tartsatsi, suka kama da wuta, suka tura fistin. (Abin da ake kira fulogi a Nijeriya shi ne buji a bakin makanikan Nijar.) Yawan iskar da ta shiga, yawan man da za a iya ƙonawa. Turbo kuwa farfela biyu ce a kan sanda ɗaya: hayaƙin da ke fita yana juya ta farko, ta biyun tana cusa iska cikin injin. Matsalarsa ita ce jinkiri. Idan direba ya taka totur injin yana juyawa a hankali, hayaƙin bai isa ya juya farfela da sauri ba, sai an ɗan jira kafin ƙarfi ya zo. Ƙaramin turbo yana saurin tashi amma ƙarfinsa kaɗan ne, babba kuma yana da ƙarfi amma yana da nawa.

Injiniyoyin Porsche sun cire ƙananan turbo biyu, suka sa babba guda ɗaya, sannan suka dasa ƙaramin injin lantarki a tsakanin farfelun biyu. Da zarar an taka totur, lantarki yake juya sandar, ba a jiran hayaƙi. Idan kuma hayaƙin ya yi yawa, injin lantarkin yana riƙe sandar kada ta wuce iyaka, yana mai da wannan juyi wuta, har kilowat 11. A da, rarar hayaƙin ta wata ƙofa ake sakinta ta tafi a banza. Yanzu an daina sa ƙofar gaba ɗaya. Wannan ita ce dabarar da ta fi burgewa a cikin aikin.

Akwai injin lantarki na biyu a cikin akwatin giya mai hawa 8. Yana ƙara ƙarfin da ya kai kilowat 40, shi ne kuma yake tayar da injin fetur, yake yi wa batir caji idan an taka birki. Batirin yana gaban mota, ƙarfinsa bolt 400, yana ɗaukar kilowat-awa 1.9, nauyinsa kimanin kilo 27 kacal. Da yake na'urar sanyaya ɗaki ma da lantarki take aiki, an rabu da fambel.

Injin fetur ɗin kansa sabo ne, ya tashi daga lita 3.0 zuwa 3.6. Wani zai yi mamakin a ƙara girman injin a zamanin da ake maganar rage hayaƙi, amma akwai dalili. Injuna masu turbo, idan aka matsa musu, sukan zuba mai fiye da wanda iska za ta iya ƙonewa, don rarar man ta rage zafi. Wannan yana hana matatar hayaƙi yin aikinta yadda ya kamata, domin ta fi aiki idan iska ta ninka mai kusan sau 14.7 a nauyi. An ƙera sabon injin ya riƙe wannan ma'auni a kowane gudu, girman da aka ƙara masa kuma yana taimaka masa ya ba da ƙarfi ba tare da wannan ɓarnar mai ba.

A lissafi, GTS ta da tana da ƙarfin doki 480, sabuwar kuwa 541. Tana kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 3.0, iyakar gudunta kilomita 312 a awa. Direban kamfanin, Jörg Bergmeister, ya zagaya filin Nürburgring da ita cikin minti 7 da kusan daƙiƙa 17, wato ya rage daƙiƙa 8.7 a kan lokacin tsohuwar. Nauyin da ya ƙaru kilo 50 ne.

Sai dai wanda ya ji an ambaci lantarki ya ɗauka motar tsimin mai ce, ya yi kuskure. Ba a jona ta da wutar gida, ba ta tafiya da lantarki kaɗai, kuma tana shan sama da lita 10 a kilomita 100. An kuma yi asarar giyar hannu a GTS, tun da injin lantarkin a cikin akwatin giya mai canza kansa yake zaune. Masu son kama giya da hannu sai su koma wa Carrera T ko GT3, wadda aka bar mata injinta na lita 4.0 babu turbo babu lantarki. A watan Satumba na 2025 tsarin ya isa samfurin Turbo S, aka sa mata turbo biyu masu lantarki, ƙarfinta ya kai doki 711.