Me ya sa ake zargin 'yan tseren keke?

Duk shekarar da wani ya haye duwatsu da gudun ban mamaki a gasar Tour de France, sai a fara tambaya: ƙarfinsa ne, ko allura?

Zargin yana da tushe. A 1998 jami'an kwastan na Faransa suka kama motar ƙungiyar Festina maƙare da haramtattun magunguna, abin da ya kai ga kafa hukumar yaƙi da magungunan ƙara kuzari a wasanni ta duniya, WADA, a 1999. Wanda ya fi yin ɓarna shi ne EPO, maganin masu ƙarancin jini. Yana ƙara jajayen ƙwayoyin jini, iska ta wadaci tsoka, mahayi ya daɗe bai gaji ba. Sai dai jini kan yi kauri har ya jefa zuciya cikin haɗari.

Lance Armstrong na Amurka ya lashe gasar sau bakwai, daga 1999 zuwa 2005, yana ta musun amfani da haramtattun magunguna. An ƙwace kambunansa a 2012, ya amsa laifinsa a 2013.

Tun 2008 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, take bibiyar sauye-sauyen jinin 'yan tsere, kuma akan adana samfuri har shekara goma don sake gwaji.