Ƙamshin da Ke Raka Ka Gida

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Ɗangora, ko a ƙofar masallacin Juma'a a Tudun Wada, ya san yadda cinikin yake. Mai turare zai ɗiga maka a bayan hannu ya ce, "Alhaji, shinshina ka ji." Wani ƙamshi mai kaifi kamar an ɓare lemu ya daki hancinka, ka biya. Kafin mota ta kai Doguwa, abin da ke hannunka ya zama wani turare daban. Sai ka ce an cuce ka. Sau da yawa ba a cuce ka ba, haka aka gina shi.

Turaren da ake haɗawa da lemu da fure da itace hawa uku ne. Na sama shi ne man ɓawon lemu. Sinadarin da ya fi yawa a cikinsa, limonin, ƙwayarsa ƙarama ce, mai kabon 10 kacal, shi ya sa take saurin tashi cikin iska. Cikin minti 15 zuwa 30 ya yi sallama, a zafin bazara ma bai kai haka ba. Shi ne ɗan kiran kasuwa.

Bayansa fure ke fitowa, yawanci wardi ko yasmin, ya riƙe 'yan sa'o'i. Nan tsadar take: sai an tatsi furen wardi fiye da tan 3 kafin a sami kilo 1 na mai. Alhazan da suka leƙa Ɗa'ifa sun ga gonakinsa. Don haka ƙaramar kwalbar da ake sayar maka da araha, wardinta na ɗakin haɗa sinadarai ne. Ni ban ga aibu a nan ba, in dai ba a rantse maka cewa na gona ne ba.

Itace shi ne mai gida. Sinadarin sandal, santalol, kabon 15 gare shi, yana da nauyi, yana manne wa fata da zare, kuma yana riƙe sauran ƙamshin don kada su gudu da wuri. Shi kake ji a babbar riga bayan kwana biyu a cikin akwati. Matan Barno sun daɗe da gane wannan ba tare da an karanta musu ba: humrarsu da turaren wutarsu a kan sandal da farce da kajiji suke tsaye. Bint El Sudan, wanda kamfanin W.J. Bush na Ingila ya fito da shi a 1920 kuma aka daɗe ana ɗura shi a Kano, mai ne marar barasa, abin da ya sa yake jimawa a jiki, ya kuma shiga kayan lefe.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke sayen sandal daga Indiya alhali dajinmu bai rasa nasa ƙamshin ba. Hano, mai ƙaro mai ƙamshin lubban, yana son ƙasa mai duwatsu irin ta Riruwai. Jema kuwa, wadda ake saƙa faifai da ita, 'yar'uwa ce ga ciyawar da masu turaren Faransa ke sayen man saiwarta daga Haiti da tsada. A wajenmu, an fi sanin hano da magani, ana ɓare masa ɓawo a jiƙa a sha.

A hunturu, busasshiyar fata ba ta riƙe turare. Shafa man kaɗe tukuna, sannan ka ɗiga. In kuma za ka saya, bar ɗigon a hannunka, je ka yi sallah ka dawo, sannan ka tambayi kuɗinsa.