Busasshen Itace Domin Hunturu

Ya kai maigida mazaunin birnin Zariya, ka san yadda sanyin hunturu kan sauko a watan Disamba da Janairu, har dattijo ya kasa barci in babu wuta a ɗaki. To, wutar nan tana da sharaɗi, watau itacen ya zama busasshe.

Itacen da aka sara yau, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. In ka sayi daminsa a Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan, ka biya kuɗin ruwa ke nan. Sa'ad da aka sa shi a murhu, wuta ba za ta dafa tuwo ba sai ta fara ƙone ruwan nan. Shi ya sa za ka ji yana tsuwwa, kumfa na fita a gindinsa, uwargida tana fifita tana hawaye. Hayaƙin nan shi ke baƙanta azara, shi ke sa yara tari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya hallaka mutum wajen miliyan 3.2.

Saboda haka itacen da za ka ƙona da hunturu, tanade shi tun bazarar da ta gabata. Faskara shi, gama gungume ba ya bushewa da wuri. Jera shi bisa duwatsu domin gara, ka rufe samansa da zana, amma ka bar gefe iska ta ratsa. Busasshe ba ya ɓuya: ba shi da nauyi, bakinsa ya tsattsage, in ka buga biyu sai su yi ƙara.

Marke da ƙirya su ne na gaba, suna daɗewa suna ci, suna barin garwashi; ba banza maƙera suke neman gawayin ƙirya ba. Rimi kuwa, duk girmansa a birnin nan, bal yake yi ya mutu. Ɗorawa da kaɗanya kada gatarinka ya taɓa su, daddawa da mai sun fi tokarsu amfani.

Sa'an nan abin da ya fi duka: kada ka kulle soro da kaskon wuta a ciki. Garwashi yana fitar da wata iska marar launi, marar wari, mai kashe mai barci. Bar taga a buɗe, ka fitar da kaskon tsakar gida kafin ka kwanta.